Saye ne ko Haya? Alkawalin Kamfanonin Na'urorin Wasan Bidiyo a Ma'aunin Harshe

Ranar 8 ga Afrilun 2024 kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya rufe hidimar intanet ta na'urorinsa biyu, Wii U da 3DS. Daga wannan rana wanda ya mallaki ɗayansu ba ya iya karawa da abokin wasa na nesa, kuma dubban fagagen wasa da mutane suka ɓata dare da rana suna ginawa a cikin Super Mario Maker sun daina samuwa. Shekara guda kafin haka, ranar 27 ga Maris na 2023, kamfanin ya riga ya rufe shagon intanet na waɗannan na'urori. A 2020 aka daina ƙera 3DS, don haka wanda ya sayi sabuwa a shekarar kimanin shekara huɗu kawai ya mori hidimar da aka tallata masa. Na'urar tana nan lafiya lau a hannunsa, amma wani yanki na abin da ya ba da kuɗinsa dominsa ya tafi.

Shin kamfanin ya saɓa alkawali? Lauyansa zai ce a'a, ya buɗe takardar sharuɗɗa ya nuna inda aka rubuta cewa kamfani yana da ikon dakatar da hidima a lokacin da ya ga dama. Mai saye kuwa zai ce an cuce shi, ya nuna kwalin na'urar da tallar da ta ja shi kasuwa. Dukansu biyu a kan kalmomi suke jayayya, shi ya sa batun ya shafi ɗalibin kimiyyar harshe ko da bai taɓa riƙe na'urar wasa ba. Idan aka bi tarihin shekara ashirin da suka wuce za a tarar cewa manyan kamfanonin nan uku, Sony da Microsoft da Nintendo, galibi suna cika abin da suka rubuta a takardar sharuɗɗa, amma sau da yawa ba sa cika abin da suka bari jama'a ta fahimta daga bakinsu. Wannan tazara kuwa shirya ta ake yi da gangan, kuma da harshe ake shirya ta.

Nauyin kalmar alkawali

Bahaushe ya ce alkawali kaya ne, wato abu ne mai nauyi da mutum yake ɗora wa kansa da bakinsa. Masana falsafar harshe sun iso ga irin wannan fahimta ta tasu hanya. A cikin laccocin da ya gabatar a jami'ar Harvard a 1955, waɗanda aka buga a littafi a 1962, J. L. Austin ya nuna cewa akwai zantukan da furta su shi ne aikata su. Wanda ya ce ya yi alkawali, a daidai lokacin da ya furta ya ɗaure kansa. John Searle ya faɗaɗa wannan a littafinsa na 1969, ya jera sharuɗɗan da alkawali yake tsayuwa a kansu: ya shafi wani aiki da mai magana zai yi nan gaba, ya kasance abin da mai sauraro yake so, mai magana ya yi niyyar aikatawa da gaske, kuma furucin ya zama ɗaukar nauyi. Austin ya lura da wani abu mai amfani ga wannan batu, cewa wanda ya yi alkawali ba da niyyar cikawa ba ya dai yi alkawalin, sai dai ya wulaƙanta shi. Rashin niyya ba ya sauke masa kayan.

Masu tallar kamfanoni sun san wannan sarai, don haka da wuya a kama su sun ce sun yi alkawali. Abin da suke dogara da shi shi ne abin da Paul Grice ya bayyana a maƙalarsa ta 1975: mai sauraro yana ɗauka cewa mai magana ya faɗi duk abin da ya kamata a sani, don haka yakan cike giɓin magana da kyakkyawan zato. Idan dillali ya ce gidan nan yana da rijiya, mai neman gida zai fahimci rijiya mai ruwa, kuma wadda ba za a cike ta da ƙasa baɗi ba. Grice ya ƙara da cewa irin wannan ma'ana ta ɓoye ana iya soke ta ba tare da an ƙaryata kai ba. Nan ne dabarar take. A dandalin baje koli ana gina ma'anar da babbar murya, sannan a soke ta da ƙananan haruffa a cikin doguwar takardar da mutum ba zai gani ba sai bayan ya biya kuɗi ya kai na'urar gida.

Nahawun Hausa yana da abin da zai haska wannan. Harshen ya bambanta lokaci mai zuwa iri biyu: «zai zo» da «yâ zo». Na farko yana ɗauke da ƙuduri, na biyu kuwa yana barin ƙofa a buɗe, mai yiwuwa ne ya zo, mai yiwuwa ne a ji shiru. Duk wanda ya je neman bashinsa aka ce masa «â biya ka» ya san bai kamata ya ɗora tukunya a kan wannan magana ba. Da za a mayar da zantukan kamfanonin wasa cikin Hausa da gaskiya, da tallarsu ta fito da «za», takardar sharuɗɗansu kuma ta fito da ɗayan.

Abin da aka gani a aikace

Microsoft ya ɗora harkar a kan biyan kuɗi, da ya buɗe Xbox Live a Nuwamban 2002. Da Sony ya fito da PlayStation 3 a 2006, babban abin da ya yi tinƙaho da shi a kan abokin hamayyarsa shi ne cewa wasa ta intanet kyauta ne a wurinsa. Ya kuma cika wannan a kan PlayStation 3. Amma da PlayStation 4 ta fito a 2013, sai karawa da wasu ta intanet ta koma sai da rajistar PlayStation Plus ta kuɗi. Nintendo ma haka ya yi: kyauta a zamanin DS da Wii da Wii U, sannan kuɗi daga Satumban 2018. Babu wanda zai ce sun yi ƙarya, tunda ba su ɗaure kansu da wa'adi ba. Sai dai jama'ar da aka tara da kalmar kyauta, wadda ta riga ta tara abokai da wasanni a gida ɗaya har ƙaura ta yi mata wuya, ita ce aka juyo aka miƙa wa takardar biya.

Akwai kuma inda aka karɓe abin da aka riga aka sayar. PlayStation 3 ta farko tana da damar a ɗora mata manhajar Linux a yi amfani da ita kamar kwamfuta, kuma da wannan aka tallata ta. Ranar 1 ga Afrilun 2010 Sony ya fitar da sabuntawa mai lamba 3.21 wadda ta cire wannan dama, bisa dalilin tsaro. An ce sabuntawar ba dole ba ce, amma wanda ya ƙi ta ba zai ƙara shiga hidimar intanet ta kamfanin ba. Wato an ba mai na'ura zaɓi tsakanin abu biyu da ya riga ya biya kuɗinsu duka. Ƙarar da aka shigar a Amurka ta ɗauki shekaru kafin a daidaita a kan ƴar diyya.

Shekara guda bayan haka aka yi babbar ɓarna. A Afrilun 2011 masu kutse suka shiga rumbun bayanan PlayStation Network, abin da ya shafi asusu kimanin miliyan 77. Hidimar ta tsaya cik na kwana 23, kuma sai da aka yi kusan mako guda kafin a shaida wa mutane cewa an kwashi bayanansu. Kamfanin ya ba da haƙuri, ya raba wasanni biyu da rajistar wata guda kyauta. Hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci shi tarar fam 250,000 a 2013, bisa cewa tsaron da ya tanada bai kai yadda ya kamata ba. Abin lura shi ne matakin da kamfanin ya ɗauka a Satumban 2011, watanni kaɗan bayan ɓarnar: ya sauya takardar sharuɗɗa, ya sa masu amfani da hidimar a Amurka su amince ba za su haɗu su kai shi ƙara a jumlace ba. Darasin da ya ɗauka ya haɗa da gyaran tsaro, ya kuma haɗa da gyaran kalmomi.

Microsoft kuwa nasa ya fi kama da abin da ake kira cinikin biri a sama. Da yake gabatar da Xbox One a 2013, ya yi ta maganar ƙarfin «gajimare», wato manyan kwamfutoci 300,000 da ke nesa waɗanda za su ɗauke wa na'urar gida wani ɓangare na lissafi, ta yi abin da ya fi ƙarfinta. A 2015 aka nuna wasan Crackdown 3 a matsayin shaida, birni guda ana rusa shi bene bayan bene. An yi ta ɗaga ranar fitowarsa har Fabrairun 2019, kuma da ya fito rushe-rushen sun taƙaita ga wani ɓangare guda na wasan, ba su kai abin da aka nuna ba. Mutanen da suka sayi na'urar a 2013 saboda wannan magana sun jira fiye da shekara biyar kafin su ga ƙarshenta. Nintendo ma ya ce hidimarsa ta kuɗi za ta fara a ƙarshen 2017, ta makara da kusan shekara guda, kuma da ta zo sai aka tarar cewa adana ci gaban wasa a nesa, wanda yana cikin manyan abubuwan da ake biya dominsu, bai shafi wasu fitattun wasannin kamfanin kansa ba, irin su Splatoon 2.

Kalma guda da ta ɗauki kaya mafi nauyi

Duk waɗannan ƙanana ne idan aka gwada su da abin da ake yi da kalmar saye. Kasuwar Hausa ta daɗe da rarrabe hanyoyin da abu yake shiga hannun mutum, kuma kowace da sunanta. Saye yana mayar da abu mallakar mutum har abada, ya ga dama ya sayar, ya ga dama ya ba da kyauta, in ya mutu a raba shi cikin gado. Haya amfani ne na wani lokaci da aka yanke a kan kuɗin da aka yanke. Aro shi ne a karɓi abu a mayar da shi kansa, rance kuwa a mayar da kwatankwacinsa. Jingina ajiye abu ne a madadin bashi. Ko yaron da aka aika kasuwa ba ya rikita waɗannan, kuma wanda ya karɓi kuɗin saye ya ba da haya sunansa macuci.

A shagunan intanet na na'urorin wasa, maɓallin da ake dannawa yana ɗauke da kalmar saye, wadda a allon Faransanci take fitowa da «acheter». Takardar sharuɗɗa kuwa cewa take yi an ba mutum lasisi ne, izinin amfani na kansa shi kaɗai, wanda ba ya sayarwa, ba ya bayarwa. Idan aka auna wannan da ma'aunin Hausa, ba saye ba ne, tunda babu mallaka. Bai kuma cika haya ba, domin haya tana da wa'adi sananne, wannan kuwa wa'adinsa yana cikin aljihun mai kaya. Ya fi kusa da aro, amma aron da aka biya cikakken kuɗin saye a kansa. Zanen aro kuwa, an ce, ba ya rufe katara.

An ga haka a fili. A ƙarshen Agustan 2022 Sony ya cire finafinan kamfanin StudioCanal daga ma'ajiyar mutanen da suka «saye» su a Jamus da Ostiriya. A Disamban 2023 ya sanar da cewa shirye-shiryen tashar Discovery da mutane suka biya kuɗinsu za su ɓace daga ma'ajiyarsu a ƙarshen watan, saboda yarjejeniyarsa da masu shirye-shiryen ta ƙare. Sai da aka yi ca a kansa sannan ya sabunta yarjejeniyar ya janye maganar. A ƙarshen Maris na 2024 kamfanin Ubisoft na Faransa, wanda yake buga wasanni a kan waɗannan na'urori, ya kashe kwamfutocin da ke riƙe da wasan tseren mota The Crew, sai wasan ya mutu gaba ɗaya, har a hannun wanda yake riƙe da faifansa. Wannan ne ya haifar da gangamin Stop Killing Games, wanda takardar kokensa ga Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan guda a 2025.

Hukumar da ta fito fili ta kama bakin zaren ta kama shi ne ta wajen harshe. A Satumban 2024 jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa doka mai lamba AB 2426, wadda ta fara aiki a farkon 2025. Dokar ba ta hana kamfani rufe hidima ba, ba ta kuma tilasta masa riƙe wasa har abada ba. Abin da ta hana shi ne amfani da kalmar saye a kan kayan intanet ba tare da an bayyana wa mutum ƙarara cewa lasisi yake karɓa ba. Majalisa guda ta zauna ta yi doka a kan ma'anar aikatau ɗaya. Duk ɗalibin da yake ganin ilimin ma'ana darasi ne na cin jarrabawa kawai ya dubi wannan.

Hujjar kamfanoni

Adalci ya wajabta a saurari ɗaya ɓangaren, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Manyan kwamfutocin da ke haɗa ƴan wasa suna cin wutar lantarki, suna bukatar ma'aikata da tsaro kullum. Tsohuwar na'ura tana zama ƙofar ɓarayi idan fasahar tsaronta ta tsufa. Wani lokaci ma abin ba a hannun kamfanin yake ba: hidimar DS da Wii ta dogara ne da wani kamfani dabam mai suna GameSpy, kuma an rufe ta a Mayun 2014, watan da shi GameSpy ɗin ya kashe kwamfutocinsa. Waƙoƙi da motoci da sunayen ƙungiyoyin ƙwallo da ke cikin wasanni su ma hayarsu ake yi na ƴan shekaru. Ba mai hankalin da zai ce a riƙe hidima shekara hamsin saboda mutum ɗari.

Akwai kuma inda aka cika magana, har da ƙari. A 2015 Microsoft ya ce wasannin Xbox 360 za su yi aiki a kan Xbox One, ya kuma yi, har jerin ya haura wasa 600 kafin a rufe shi a 2021, kuma wanda yake da tsohon faifai bai sake biyan ko sisi ba. Da aka rufe shagon Xbox 360 a Yulin 2024, an bar wa mutane damar sake sauko da abin da suka riga suka biya. Google, da ya ga hidimarsa ta Stadia ba ta karɓu ba, ya rufe ta a Janairun 2023, ya mayar wa mutane kuɗin wasanni da na kayan da suka saya a wurinsa. Wannan ya nuna ana iya fita daga harka ba tare da an tafi da haƙƙin kowa ba.

Sai dai duk waɗannan hujjoji suna bayyana dalilin da ya sa hidima take ƙarewa ne, ba su bayyana dalilin da ya sa ba a faɗi haka tun ranar ciniki ba. Kamfanin da ya san tsadar kwamfutocinsa, ya san ranar da hayar waƙoƙinsa za ta ƙare, ya fi kowa sanin kimanin shekarun da zai iya ɗauka. Kamfanonin wayar salula irin su Google da Samsung sun fara rubuta adadin shekarun da za su ci gaba da sabunta manhajar wayoyinsu, har shekara bakwai a kan wasu. Abin da ya yiwu a kan waya zai yiwu a kan na'urar wasa. Ana barin wa'adin a rufe ne domin faɗinsa zai rage ciniki, kuma shirun da yake kawo riba ba a kiransa mantuwa.

Kukan wa ake ji?

Wani abin da tarihin ya nuna shi ne kamfanonin suna janyewa idan aka yi musu ihu. A Yunin 2013 Microsoft ya ce Xbox One sai ta leƙa intanet sau ɗaya a kowace awa 24 kafin ta yi wasa, kuma cikin mako biyu ya lashe amansa. A Janairun 2021 ya sanar da ƙarin kuɗin Xbox Live Gold, ya soke shi kafin a yi kwana guda. A Maris na 2021 Sony ya ce zai rufe shagon PlayStation 3 da na Vita, a Afrilu shugaban sashen, Jim Ryan, ya fito ya ce sun yi kuskure. Wasu suna kawo wannan a matsayin shaida cewa kasuwa tana gyara kanta. Amma haƙƙin da ba ya tabbata sai an yi ihu ya zama na mai babbar murya, kuma muryar da ake ji ita ce ta ƙasashen da ake samun ciniki mai yawa.

A nan ne batun ya iso gida. Nijar ba ta cikin jerin ƙasashen da PlayStation Network yake aiki a hukumance, kuma a duk Afirka kudu da Sahara Afirka ta Kudu ce kaɗai a jerin. Amma na'urorin suna nan, a gidajen wasa na Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, inda samari suke biyan kuɗi su buga ƙwallo a allo. Wanda yake son shiga intanet da tasa na'urar dole ya buɗe asusu da adireshin wata ƙasa, sau da yawa Faransa, ya nemi katin kuɗi na can. Takardar sharuɗɗa kuwa tana neman a ba da bayanin gaskiya, don haka tun ranar farko yana tsaye a kan ƙasa mai rami: in aka rufe asusun da duk abin da ya tara a ciki, ba shi da inda zai kai kuka. Ya biya kuɗin na'ura daidai da na kowa, wani lokaci fiye, amma rabin abin da aka rubuta a kwalin ba da shi ake ba.

An ga misalin wannan a Mayun 2024. Sony ya ce duk mai wasan Helldivers 2 a kan kwamfuta sai ya haɗa shi da asusun PlayStation Network, alhali an riga an sayar da wasan watanni uku a ƙasashen da ba a iya buɗe asusun. Aka cire wasan daga kasuwa a ƙasashe da yankuna fiye da 170. Da ƴan wasa suka yi caa, kamfanin ya janye sharaɗin cikin ƴan kwanaki, amma takunkumin sayarwa a waɗancan ƙasashe ya daɗe bayan haka. Waɗanda suka yi ihu sun samu biyan bukata nan take, waɗanda abin ya fi shafa kuwa aka bar su suna jira.

Akwai kuma hasarar da ta wuce ta aljihu. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba sa samuwa a kasuwa. Duk shagon intanet da aka rufe yana tafiya da wasannin da ba a taɓa buga su a faifai ba. Masu nazarin harshe da adabi, waɗanda suka san yadda ake neman tsofaffin kaset na mawaƙa da rubuce-rubucen ajami kafin su salwanta, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan abin da ake rasawa idan aka bar ajiyar al'ada a hannun mai neman riba shi kaɗai.

Abin da ya kamata

Gyaran ba mai wuya ba ne, kuma mafi yawansa gyaran magana ne. Na farko, a kira ciniki da sunansa a kan maɓallin da ake dannawa, a daina ɓoye shi a shafi na talatin. Na biyu, a rubuta a jikin kwali mafi ƙarancin shekarun da hidimar intanet za ta yi, kamar yadda ake rubuta ranar lalacewa a jikin gwangwanin madara. Na uku, a rubuta ƙasashen da hidimar ba ta aiki, domin mai saye a kasuwar Maraɗi ya san abin da yake ɗauka. Na huɗu, idan lokacin rufewa ya yi, a saki wasan ta yadda zai ci gaba da aiki ba tare da kamfani ba, ko a mayar da kuɗi kamar yadda Google ya yi. Hukumomin kare masu saye suna da ƙarfin tilasta wannan idan sun so: a 2020 wata kotun Ostireliya ta ci reshen Sony na Turai tarar dalar ƙasar miliyan 3.5 saboda ya ɓatar da mutane game da haƙƙinsu na a mayar musu da kuɗi.

Akwai kuma rabon da ya faɗo a kan masu nazarin Hausa. Manhajoji da shafukan ciniki suna ƙara fitowa cikin harshen, kuma waɗanda suke zaune a azuzuwan kimiyyar harshe yau su ne za a ba aikin fassara su gobe. Ranar da aka miƙo wa ɗayansu jerin kalmomin wani shagon intanet, zai tarar da wannan maɓalli a ciki, kuma abu mafi sauƙi shi ne ya rubuta «saya» ya wuce. In ya yi haka ya ɗauko ruɗanin da aka ƙulla a wani harshe ya dasa shi a cikin harshen da ya riga ya raba saye da haya da aro tun kafin a ƙera kwamfuta. Mai fassarar da ya san aikinsa zai karanta takardar sharuɗɗan tukuna, ya tambayi mai aikin ko abin da ake bayarwa yana shiga gado, ko ana iya sayar da shi, ko yana da wa'adi. In amsar duka a'a ce, Hausa tana da kalmar da ta dace, kuma ita ya kamata ya rubuta.